Zulai Amadu Jangeru, Mai Gwajin Manhajar Damina

Haihuwa da asali

An haifi Zulai Amadu a garin Jangeru da ke ƙasar Shinkafi, a tsakiyar daminar shekarar 1981 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1401 Hijiriyya, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Mahaifinta, Malam Amadu, Bafillace ne da ya haɗa kiwon shanu da noman gero, mahaifiyarta kuwa Hindu, 'yar wata ruga ce da ke kusa da iyakar Nijar. Zulai ce ta uku a cikin 'ya'yansu shida, kuma ta tashi tana jin Fillanci a gida, Hausa a kasuwa da makaranta.

Waɗanda suka san ta tun tana ƙarama sun shaida cewa yarinya ce marar hayaniya, amma ba ta karɓar magana ba tare da ta juya ta ba. Idan aka ce mata an ɗaure maruƙa duka, sai ta bi igiyoyin ta taɓa su da hannunta. Wannan hali yakan ɓata wa yayyenta rai, amma mahaifinta yakan yi murmushi ya ce a ƙyale ta, ai ba ƙaryata kowa take yi ba, so take ta kwanta da natsuwa.

Neman ilmi

Ta fara karatun allo tana da shekara biyar, sa'annan aka sa ta firamare a Jangeru a shekarar 1987. Da ta gama, sai shawara ta rabu a gidan, domin babu 'ya mace a zuriyarsu da ta taɓa wuce wannan mataki. Hindu ce ta tsaya mata, ta ce ita kanta da sauran 'yan matan gidan sun wadatar wajen tallar nono, a bar Zulai ta ci gaba da karatu, Malam Amadu kuwa bai musa ba. Haka Zulai ta yi sakandaren 'yan mata ta kwana, ta kammala a 1999 da sakamako mai kyau a lissafi.

A shekarar 2000 ta samu gurbi a kwalejin fasaha ta Kaura Namoda, a sashen ilmin kwamfuta, alhali kafin ranar ba ta taɓa ɗora yatsa a kan na'urar ba. A nan Allah ya haɗa ta da Mwuese, Kirista 'yar ƙabilar Tibi, wadda mahaifinta ya baro ƙasar Binuwai ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kaura har ya zauna da iyalinsa. Mwuese ta fi ta saurin rubuta manhaja, Zulai kuwa ta fi ƙwarewa wajen gano inda abin da aka rubuta zai karye. Sukan zauna gaban kwamfuta ɗaya, wannan ta gina, waccan ta nemi kafar da za ta rushe, har malamansu suka daina raba su a aikin aji. Abotar da ta fara a wannan benci ba ta yanke ba har ƙarshen rayuwar Zulai. Ta sami ƙaramar difloma a 2002, ta koma ta kammala babbar a 2006.

Aure da farkon aiki

A shekarar 2003 aka ɗaura mata aure da Malam Isah, mutumin Zurmi, malamin gona mai zagaya ƙauyuka a kan babur yana ba manoma shawara kan iri da taki da lokacin shuka. Mutum ne mai fara'a da son jama'a, kuma shi ne ya nace ta koma ta ƙarasa karatunta da goyo a bayanta. Sun zauna a Kaura Namoda, shi yana fita ƙasar Zurmi, ita tana koyar da kwamfuta a wata makaranta mai zaman kanta, aikin da ta riƙe shekara bakwai cikin rufin asiri.

Shigarta Shirin Gajimare

A shekarar 2013, Mwuese, wadda ta riga ta koma Abuja da aiki, ta kira ta ta shaida mata cewa wani babban shirin bincike yana neman masu gwajin manhaja, kuma ana iya yin aikin daga gida. Sunansa Shirin Gajimare. Haɗin gwiwa ne na jami'o'i da cibiyoyin nazarin yanayi na ƙasashen Sahel da wasu na ƙetare, mutum kusan ɗari biyu, masana yanayi da masana lissafi da marubuta manhaja. Manufarsu ita ce gina manhaja mai haɗa bayanan tauraron ɗan Adam da na ma'aunan ruwan sama, ta yi hasashen lokacin da damina za ta zauna da inda ciyawa za ta wadata, a aika wa manoma da makiyaya ta waya da rediyo.

Tsarin aikinsu na gajerun zango ne. Kowane mako biyu ƙungiyoyi sukan zaɓi abin da za su gyara ko su ƙara, a ƙarshen zangon a haɗa aikin kowa a fitar da sabon zubi na manhajar. Amfanin wannan tsari shi ne sabon binciken masana yana saurin isa ga jama'a. Haɗarinsa kuwa, hannaye da yawa suna taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma gyaran da aka yi a Dakar yana iya ɓata abin da aka gina a Yamai ba tare da kowa ya sani ba.

Nan ne aikin Zulai yake. Takan rubuta ƙananan manhajoji da ake kira gwaje-gwaje, waɗanda ke yi wa babbar tambaya a duk lokacin da wani ya taɓa ta. Sukan ba ta bayanan da aka riga aka san amsarsu, idan ta amsa daidai allo ya nuna kore, idan ta kauce ya nuna ja. Wahalar ita ce a ilmin yanayi amsa ba ta zama ɗaya tak, don haka sai da ta zauna da masanan suka zaɓi daminun baya da aka san yadda suka kasance, suka kuma yi ittifaƙi kan iyakar saɓanin da za a lamunta. Daga wani ɗaki a gidanta, da faranti mai aiki da hasken rana a kan rufi, ta shiga tarukan safe da mutanen da galibinsu ba ta taɓa gani ido da ido ba.

Daminar 2016

Kafin shekara uku gwaje-gwajen shirin sun kai dubbai, domin kowa yana ƙarawa, babu mai ragewa. Sun yi nauyi, sukan ci yini kafin su gama, kuma da yawa cikinsu sun zama masu magana biyu, yau ja gobe kore ba tare da an canza komai ba. Sannu a hankali mutane suka saba da ganin ja, suka daina razana da shi.

A farkon daminar 2016 wata ƙungiya ta sauya hanyar cike giɓi a wuraren da ma'aunin ruwa bai aiko da bayani ba. Sauyin ya sa manhajar ta ɗauki ruwa ɗaya mai ƙarfi tamkar an jera kwanaki ana yi. Gwaji guda ya nuna ja a kan haka, amma ya nutse cikin sauran jajayen da aka saba wucewa, aka fitar da zubin. Saƙo ya isa wasu ƙauyukan Zurmi cewa damina ta zauna. Malam Isah da kansa ya bi su a kan babur yana ƙarfafa musu gwiwa su yi shuka, domin ya amince da aikin matarsa. Aka shuka gero, ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke. Shukar ta ƙone a tsaye, gidaje da dama suka rasa irin da suka tanada, sai da 'yan'uwa suka taimaka aka sake shuka a makare.

Ranar da ya dawo daga ganin gonakin, Malam Isah ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba, abincin da aka ajiye masa ya huce. Da ta matso kusa, sai ya ce mata, “Ni ban ga laifinki ba, Maman Khadija. Amma da wane ido zan kalli mutanen ga gobe?”

Washegari ta roƙe shi ya tafi da ita, ta ga kunyoyin da idonta, ta gaisa da matan gidajen, ta ba su haƙuri. A taron shirin da ya biyo baya, da aka fara neman wanda za a ɗora wa alhaki, ta nemi izinin magana daga Dokta Ifeoma, shugabar sashen manhaja, ta ce, “Kada mu nemi mutum ɗaya. Gwajin ya yi magana, mu ne dukanmu muka saba da rashin sauraronsa.”

Shekarun gyara

Bayan wannan aka naɗa ta jagorar gwaji ta shirin baki ɗaya. Abin da ta fara yi ya ba mutane mamaki, domin maimakon ta ƙara gwaje-gwaje, sai ta shiga rage su. Duk wanda ke magana biyu, ko a gyara shi cikin zangon ko a cire. Duk wanda ke maimaita aikin wani, a cire. Ta raba sauran gida biyu: masu sauri da ke gudana da zarar an taɓa manhajar, da masu nauyi da ke gwada daminun baya kafin a fitar da zubi. Sa'annan ta nemi a kafa ƙa'ida ɗaya, cewa muddin akwai ja, babu abin da zai fita.

Ƙa'idar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Akwai masanan da ke da taron ƙasa da ƙasa a gabansu suna son nuna sabon sakamako, kuma a 2018 ta tsayar da wani zubi da aka daɗe ana jira, har wasu suka kira ta mai taurin kai. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Takan kira mai ƙorafin su biyu, su buɗe gwajin tare, su bi shi sannu har a ga inda matsalar take. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi fushi da ita a lokacin, daga baya su ne suka riƙa neman ta kafin su fara sabon aiki. A wannan shekarar ce kuma mahaifinta ya rasu a Jangeru. Ta je ta yi zaman makoki, ta so ta ɗauko Hindu, amma tsohuwar ta ce ba ta iya barci inda ba ta jin motsin shanu.

Daminu huɗu suka wuce a jere ba a sake aika saƙon da ya cuci manomi ba. Malam Isah ya ci gaba da zagayensa, kuma mutanen da suka juya masa baya suka dawo suna tambayarsa abin da waya ta ce.

Katsewar layi

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Zulai ta wayi gari ba ta da hanyar jin kowa, hanyoyin mota kuma ba su da aminci. Sai bayan makonni ta samu ta isa Sakkwato tare da mijinta, ta sauka gidan wata 'yar'uwarsa, ta buɗe kwamfutarta.

Saƙonni ta tarar jibge, kuma kusan dukansu tambaya ɗaya suke yi: ina Zulai? Wasu gwaje-gwaje sun nuna ja tun makon farko, babu wanda ya fahimci abin da suke nufi, babu kuma wanda ya yarda ya taɓa su, domin ita kaɗai ta san dalilin rubuta kowanne. An kiyaye ƙa'idarta, ba a fitar da komai ba. Sakamakon haka hasashen ƙarshen damina da na makiyaya bai isa ga kowa ba, tun daga Senegal har Chadi, a daidai lokacin da masu shanu ke yanke shawarar inda za su nufa. Ta warware matsalar cikin ɗan lokaci. Dokta Ifeoma ta kira ta cike da murna, tana cewa yanzu kowa ya gane idan babu ita babu shirin.

Da wata ce, da ta ji daɗin wannan yabo. Zulai kuwa ta ajiye wayar ba tare da wata murna ba. Da Malam Isah ya tambaye ta abin da ya faru, sai ta ce, “Malam, ni na ɗauka gini na yi masu. Ashe ni ce ke riƙe da rufin da kaina. In na gusa, sai shi faɗo bisa mutane.”

Ya ce, “To mi za ki yi?”

Ta ce, “Zan koya masu yadda za su yi babu ni.”

Aikinta na ƙarshe

Shekaru biyun da suka biyo baya ta ba da su ga wannan niyya. Ta bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya, ta sa kowanne ya riƙa bayyana kansa cikin magana mai sauƙi idan ya nuna ja: abin da yake tsaro, dalilin da ya sa aka rubuta shi, da inda ya kamata a fara dubawa. Ta mayar wa kowace ƙungiya gwaje-gwajen da suka shafi aikinta, ta zauna da masana yanayi, waɗansu sun girme ta, tana nuna musu yadda za su rubuta nasu. Ta kawo tsarin karɓa-karɓa, kowane zango mutum biyu daga ƙasashe daban su ne masu lura da allo, a zango na gaba su miƙa wa wasu. Ta kuma sa aka keɓe lokaci a kai a kai domin share gwajin da ya tsufa, tana cewa gwaji ma yana son kulawa kamar yadda manhajar ke so.

Abin da ya fi yi mata wuya shi ne kame bakinta. Sau da yawa takan ga amsar tun kafin mai tambaya ya gama magana, amma ta danne, ta ce masa ya karanta bayanin gwajin ya faɗa mata abin da ya fahimta. Idan bayanin bai wadatar ba, ba ta ganin gazawar mai karatu, sai ta ce su gyara shi tare saboda wanda zai zo baya. Mwuese, wadda a lokacin ta shigo shirin sosai, ita ce ta zama mataimakiyarta a wannan hidima.

Jinya

A ƙarshen 2023 likitoci suka tabbatar mata da ciwon ƙoda. Ta yi ta zirga-zirgar asibiti tsakanin Gusau da Sakkwato, Malam Isah ya rage fita ƙauyuka domin ya riƙa kai ta da kansa, Hindu kuma ta bar shanunta ta tare a Kaura, tana dama mata fura mai ruwa-ruwa gwargwadon abin da likita ya yarda. Zulai ta ci gaba da aiki daga kan gado har tsakiyar 2024, sa'annan ta miƙa jagoranci ga Mwuese, ta kuma roƙi abokan aikinta alfarma guda: su kira ta domin gaisuwa a duk lokacin da suka so, amma kada a kawo mata tambayar aiki.

A farkon 2025 Mwuese ta zo daga Abuja duba ta. A makon kuwa akwai wani gwaji mai nauyi da ya nuna ja ya ƙi warwaruwa, kuma Mwuese ta zo da tambayar a bakinta. Da ta ga yadda ƙawarta ta rame, sai ta haɗiye. Suka yi hirar kwaleji, da ranar da Zulai ta fara cin sakwara a gidan su Mwuese, ta rasa yadda ake haɗiye ta, suka yi dariya har Hindu ta leƙo. Amma Zulai ta san fuskar ƙawarta. Da za su rabu ta riƙe hannunta ta ce, “Akwai ja, ko?”

Mwuese ta ce, “Akwai.”

Ta ce, “Kada ki gaya mani. In kun gano, ki kira ni.”

Bayan 'yan kwanaki wayar ta yi ƙara, Mwuese ce ta kira da labari. Wata matashiyar masaniya a Yamai, wadda ba ta daɗe da shiga shirin ba, ita da abokin lurarta na Bamako ne suka gano matsalar suka gyara. Malam Isah ya ce tun da aka fara jinyar bai ga matarsa ta ci abinci da marmari irin na ranar ba.

Rasuwa

Allah ya yi wa Zulai Amadu rasuwa a gidanta da ke Kaura Namoda, da hantsin ranar Alhamis, 13 ga Maris 2025, daidai da 13 ga Ramadan 1446, tana da shekara arba'in da uku, mijinta da mahaifiyarta suna gefenta. An yi mata sutura, aka sallace ta bayan azahar, aka kai ta makwancinta a maƙabartar garin. Jama'a sun zo daga Jangeru da Shinkafi, manoman ƙauyukan Zurmi kuma suka zo a kan babura da azumi a bakinsu.

Rasuwar ta faɗo a ƙarshen zango, ana shirin fitar da zubin da ke ɗauke da hasashen damina mai zuwa. Wasu suka ba da shawarar a ɗage saboda juyayi. Mwuese, tana hanyar zuwa ta'aziyya, ta ce a duba allo, idan kore ne a saki. Masu lura na wannan zango suka duba, suka saki, zubin ya fita a ranarsa. Da ta iso gidan ta durƙusa gaban Malam Isah ta yi masa gaisuwa, sai ta shaida masa, tana kuka, cewa aikin ya fita bai jira Zulai ba. Sai ya ce, “Alhamdu lillahi. Abin da ta wahala a kai ke nan.”

Ta rasu ta bar mahaifiyarta Hindu, da mijinta Malam Isah, da 'ya'ya huɗu: Khadija, 'yar fari, mai karatun aikin jinya, wadda bisa kunya irin ta Fulani uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba sai a makon da za ta cika, da Mu'awiya, wanda ke shirin shiga jami'a, da Khalil, ɗan sakandare, da autansu Fahad, mai shekara tara. Allah ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta, ya raya abin da ta bari.